Ta Bakwai Ita Ce Inna

Zuwa ga Kwalba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Ya aiki? Inna na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana fita ba karin kumallo kamar da. Ita kam lafiyarta lau, sai gwiwa da ke yi mata tsiya in za ta hau bene. Kawu ya zo mana ranar Asabar, ya rame kaɗan, amma bakinsa bai rame ba, daga ya zauna sai "ɗana likitan bincike". Na ce masa ni dai Kwalba na sani, mai bin bola yana tsince kwalabe yana cika su da ruwan kwata wai yana haɗa magani.

Na rubuto a takarda ne saboda kai ka ce kada a yi maka maganar aiki a waya, wai kamfaninku na da kunne a ko'ina. To ga takarda nan, in ita ma tana da kunne sai su ji.

Auta ba ta da lafiya. Ciwon nan na gidanmu ne ya dawo mata, kuma wannan karon bai tsaya a gaɓoɓi da ƙurajen fuska ba, ya sauka ƙoda. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin Inna take sawa. Ta ajiye koyarwa, don ba ta iya tsayuwa a gaban allo. Likitan ƙoda ya zaunar da ni ya ce garkuwar jikinta, wadda ya kamata ta yi faɗa da cuta, ita ce ta juya tana cin ƙodar. Ya ce magungunan da take sha rage gudun abin kawai suke yi. In ba a samu abin da ya tsayar da shi ba, nan da wata shida ko takwas sai injin wankin ƙoda.

Ana cikin wannan ne Kawu ya kawo mana shafin da ka aiko masa, mai hatimi da sunanka a layi na uku, da ɗan rubutunka a ƙasa cewa aikin da kuka yi da jinin goggonka, wato Inna, ya kammalu, an ba ku takardar mallakar ƙirƙira. Wallahi ranar Inna har kuka ta yi. Na kai shafin maɗaba'armu, na sa aka ƙara masa girma a kan takarda mai kauri, na saya masa firem na rataye a falo, saman talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa kafin a ba shi ruwa.

Ka tuna shekara huɗu da suka wuce da ka zo da akwatin ƙanƙara, ka jera mu mu tara a falon nan, ka ɗebi jinin kowa? Ka ce Inna ta yi wannan ciwon tana da shekara arba'in, ya tafi da kansa, don haka akwai wani abu a jininta da ke kwantar da garkuwar jiki in ta haukace. Ta dangwala maka yatsa a takarda ba ta tambaye ka ko harafi ɗaya ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan ƙanena ne, ko duka zai kwashe ya kwashe."

To, Allah ya yi, ga shi ya kammalu. Ka aiko wa Auta maganin. In allura ce ka faɗi yadda ake ajiye ta, firjinmu na aiki. In sai ta hannun likita, ga adireshin likitan ƙoda a bayan takardar nan. Ba na son dogon turanci, Kwalba, na san halinka.

Yayarka.

*

Kwalba,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi, ban da Auta.

Yau mako bakwai ke nan da na aiko maka wasiƙa. Na je gidan waya sau uku har ma'aikacin ya fara yi min kallon wadda miji ya gudu ya bari. Na kira ka ranar Laraba, ka yi ta tambayata lafiyar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, da na ambaci Auta sai ka ce za ka shiga taro. Matarka ta sa hotonku a waya, kana riƙe da wani gilashi mai rubutun zinariya kana washe baki. Na gani, Auta ma ta gani.

An ƙara mata magani, fuskarta ta kumbura har ba ta son madubi. Jiya na same ta zaune a falo tana kallon firem ɗinka. Ta ce, "Yaya, ko kuɗin aikowa ne ba shi da shi yake jin kunyar faɗa?" Ka ji irin uzurin da yarinyar nan take nema maka. Ni ban nema maka ko ɗaya ba. In hannunka ne ya karye, sa 'yan biyu su rubuta, ai sun iya.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙunki biyu. Muna lafiya, 'yan biyu sun yi mura amma sun warware. Ki gaida min Goggo sosai, ki ce mata ina karyawa. Ki yi wa Auta sannu, Allah ya ba ta lafiya. Na fara wannan wasiƙar ya fi sau biyar ina yagawa, shi ya sa kika ji shiru.

Yaya, kallon kitse kuke yi wa rogo, kuma laifina ne. Takardar da kika rataye ba magani ba ce, katanga ce. Ma'anarta kawai ita ce, daga yanzu har shekara ashirin, babu wanda ya isa ya haɗa wannan sinadarin ko ya sayar da shi sai da yardar kamfaninmu. Sunana da kika gani a layi na uku ado ne. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu cewa duk abin da na gano a ɗakin gwajinsu nasu ne. Ba ni da iko da shi ko na ƙwayar zarra.

Abin da muka samu a jinin Goggo gaskiya ne. Mun kwaikwaye shi, mun gwada shi a farantin gwaji, mun gwada a jikin ɓeraye, ya yi aiki har na kasa cin abinci don murna. Abin da ya rage shi ne a gwada a jikin mutane, kuma har an sa rana. Sai aka kira taro a bene na sama. Wani mai kula da ciniki, wanda ban taɓa ganin ya taka ɗakin gwaji ba, ya haska mana zane a bango. Ya ce kamfani na da tsohuwar allura ta wannan ciwon da ake yi wa mutum duk wata har ƙarshen ransa, namu kuma da alama sau uku ko huɗu zai wadatar. Ya ce ba hikima ba ce mutum ya buɗe shago kusa da shagonsa ya karya wa kansa farashi. Aka yi dariya. Aka ce a yi wa namu rajista don kada wani ya riga mu, sannan a ajiye shi.

Ranar da takardar ta fito suka kawo kek da lambar rajistar a rubuce a kai. An yanka, an miƙo min yanki mai lamba biyu ta ƙarshe, na ci. Gilashin da kika gani a hoto shi ne ladana. Na aika wa Baba shafin ne don ya samu abin nunawa, ban yi tunanin zai iso falonku ba.

Na je wurin shugabar sashenmu da maganar Auta. Ta ce abin da ke cikin firiza na ɓeraye ne, ba a tace shi yadda za a sa wa mutum ba, zai iya kashe ta. A nan kam gaskiya ta faɗa.

Amma akwai wata magana. Mun lura akwai abu na biyu a jinin Goggo, wanda yake tayar da garkuwar jiki maimakon ya kwantar da ita, irin abin da ake nema don yaƙar ciwon daji. Wannan kam na sama sun miƙe tsaye a kansa. Sai dai ƙwayoyin da na ɗebo shekara huɗu sun tsufa, sun daina hayayyafa, muna bukatar sabon jini. Za a aiko da fom, bayansa wata nas za ta zo har gida, ba sai Goggo ta wahala ba. Idan jinin nan ya iso, Yaya, ƙofa za ta buɗe, kuma zan samu bakin yin magana. Ki taimaka ki shawo min kanta.

Ƙaninki,
Kwalba.

*

Kwalba,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa 'yan biyu lafiya. Wasiƙarka ta iso ranar Litinin, na karanta a tsaye a bakin injin yanka takarda, na kusa yanke yatsa.

Rabin farko ya ba ni ƙyama, ba zan ɓoye maka ba. Mutane su sami magani su kulle a firiza, su yanka kek a kai! Ko kare ya samu abin da ba zai ci ba, binnewa yake yi ya tafi, ba ya kiran taro. Kai ma da ka karɓi yankan ka ci, Allah ya shirye ka.

Amma na ga inda ka ce ƙofa za ta buɗe. Na karanta wa Inna da Auta wurin sau biyu. Na ce musu ciniki ne: mu ba su jini, su ba mu allura. Inna ta ce wane irin shawo kai kuma, ai ko yau nas ɗin ta zo. Tun ranar take cin ganye da hanta wai tana tara maka jini mai kyau, ta hana kanta shayi don wata maƙwabciya ta ce yana tsinka jini. Auta kuma ta sa na ɗauko mata littattafan ajinta daga saman kabad, tana shirya darasin zango mai zuwa a kan gado. Rabon da in ji tana waƙa a banɗaki tun kafin ƙafafun su kumbura.

Likita ya ce awon wannan watan ya fi na wancan muni, don haka ku hanzarta. A aiko fom ɗin.

Yayarka.

*

Kwalba,

Ina gaishe ka don an koya min gaisuwa. Inna lafiya, Auta tana nan yadda take.

Fom ɗinku ya iso, shafi goma sha ɗaya, da ɗan jan alama a inda Inna za ta dangwala yatsa, don kada mu wahalar da kanmu da sauran. Ka manta aikina. Shekara goma sha shida ina duba kurakurai a maɗaba'a, ko katin ɗaurin aure ba ya fita sai na bi shi da jan biro harafi bayan harafi. Wancan karon ne na yi sakaci, saboda kai ne, na rataye abu a falo ban karanta ba. Wannan karon na ɗauko ƙamus da rula na zauna.

Na nemi sunan Auta daga shafin farko har na ƙarshe, babu. Na nemi kalmar magani, na same ta a shafi na tara, inda aka ce mai bayar da jinin da iyalanta ba su da wani haƙƙi a kan duk maganin da zai fito, kuma kamfani bai yi alkawarin ba su shi ba. An rubuta shi da ƙananan haruffa, irin waɗanda in mai aiki ya kawo mana muke ce masa ba za su karantu ba.

Sai na kai wa likitan ƙoda lambar da ke jikin firem, ya nemo min takardar taku cikakkiya, shafi sittin da biyu. Kwana huɗu na yi a kanta. Yawancinta ban gane ba, amma a shafi na talatin da ɗaya akwai jadawali da ko jahili zai gane. Mutum tara, ba suna, sai lamba da shekaru. Mai bayarwa ta bakwai, mace, shekara sittin da ɗaya, daga ita aka samo sinadarin. Ta bakwai ita ce Inna, Kwalba. Matar da ta goya ka wata takwas lokacin da mahaifiyarka ke kwance, ita ce ta bakwai. Ta huɗu, mace, shekara talatin da takwas, an rubuta "ba a samu abin amfani ba". Ni ce wannan, na gode.

Ta biyar ce ta sa na ajiye biro. Mace, shekara ashirin da huɗu, mai ɗauke da ciwon. An ce an zuba sinadarin a kan ƙwayoyin jininta a faranti, cikin kwana biyu suka lafa, kuma wannan ne babbar hujjar cewa ƙirƙirar tana aiki. Ashe farantin da ka ce ka kasa cin abinci don murna, Auta ce a ciki. Da jininta kuka gina katangar da kuka bar ta a waje. Ka san yana yi mata aiki tun tana tsayuwa a gaban allo da ƙafafunta, ka zo ka ci kek.

Ban faɗa musu ba tukuna. Inna na can tana cin hantarta. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kalma ɗaya nake so, kada ka haɗa min da taro ko bene na sama. In Inna ta ba da jinin nan, Auta za ta samu allurar, e ko a'a?

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da Auta. Mu lafiya.

A'a.

Ko jinin ya zo ko bai zo ba, maganin farko yana nan a kulle, kuma ko gobe aka buɗe shi sai an yi shekaru ana gwaji kafin ya isa hannun mara lafiya. Da ba a soke gwajin ba shekara uku da suka wuce, da wataƙila Auta na cikin waɗanda za a fara da su. Yanzu kam ba zai riske ta ba. Na san haka lokacin da nake rubuta miki maganar ƙofa. Na kuma san yadda za ki fahimce ta, na bar ta a haka.

Ga gaskiyar da ban faɗa ba. An ba sashenmu wata uku. In ba mu kawo sabon jinin ba a shigar da takarda ta biyu, za a rufe sashen. Izinin zamana a nan a jikin aikin yake, in aikin ya tafi shi ma ya tafi. 'Yan biyu sun shiga aji uku, ba su san wani gida ba sai wannan. Kullum shugabata sai ta leƙo ta ce, "Ya labarin ta bakwai?" Ni ma haka nake ce mata, Yaya, ta bakwai. Ban taɓa gaya musu goggona ce ba, don doka ta hana mutum ɗebo jinin danginsa ba tare da ya bayyana ba, ni kuma ban bayyana ba.

Na san ina ba ki ƙyama, ni ma ina ba kaina. Amma ki duba, wannan na biyun na ciwon daji ne, kuma shi ba za su ajiye shi ba don suna ganin riba a ciki. Mutane da yawa za su amfana. Nas ɗin za ta zo ranar sha biyu ga wata. Don zumunci, don Baba, kada ki faɗa wa Goggo abin da ke shafi na tara. Cokali uku ne kawai na jini.

Ƙaninki,
Kwalba.

*

Kwalba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da matarka, da 'yan biyu waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. Ka yi haƙuri da jinkirin wata biyu, ba ramuwa ba ce, asibiti ne ya cinye mu.

Na faɗa wa Inna. Na karanta mata shafi na tara, da jadawalin, da wasiƙarka har inda ka ce kada in faɗa mata. Ba ta zage ka ba, ni da ta zage ka da na fi jin daɗi. Ta dubi hannunta ta ce, "Shi wannan na ciwon dajin, shi ma katangar za su yi masa?" Na ce e, shekara ashirin. Ta ce, "Irin Auta mutum nawa ke nan?" In kai ka san amsar ka rubuto mata.

Sai ta ce ita fa ta riga ta tara jinin, ba za ta yi asarar hantar da ta ci ba. Muka je wurin likitan ƙoda. Ashe ya daɗe yana so su duba jininta da abokansa na jami'a, yana jin nauyin tambaya. Ya ce na farkon kun riga kun kewaye shi, amma na biyun, in suka gano shi suka buga a fili kowa ya karanta, babu wanda zai iya zuwa daga baya ya ce nasa ne. Ya ce kayan aikinsu ba su kai naku ba, za su daɗe, wataƙila ma ku riga su ta wata hanyar. Inna ta ce a ɗiba. Ni na tsara takardar yardar da hannuna a maɗaba'a, shafi ɗaya, manyan haruffa, da sunanta cikakke a sama. Na karanta mata sau biyu kafin ta dangwala.

Nas ɗinku ta zo ranar sha biyu da akwatin ƙanƙararta, mace mai ladabi, ba ruwanta. Inna ta ba ta ruwa, ta tambaye ta mutanen gida, sannan ta nuna mata filastar da ke hannunta ta ce, "'Yata, an riga ki." Ta ce in gaya maka ɗakinka na nan in an kore ka, ka taho da yaran, ba a rasa tabarma. Ni ban sa baki a wannan ba. Kawu ya daina zuwa gidanmu, ya ce mun tozarta masa ɗa. Na cire takardarka daga firem na ba shi ya tafi da ita, firem ɗin kam nawa ne.

Ƙodar Auta ta tsaya makonni biyar da suka wuce. Sau uku a mako nake kai ta wanki, awa huɗu tana kwance injin na juya jininta, ta fito kamar an matse tsumma. Littattafan ajin na mayar da su saman kabad da kaina, don ta daina ganinsu. Ba ta ƙara ambatar sunanka ba, ko da sharri. Da na gaya mata ita ce ta biyar, cewa kawai ta yi, "Ashe na taɓa warkewa a faranti."

Inna ta ce a cire tata ƙodar a sa mata, likita ya ce shekaru sun hana. Sai aka auna ni. Ciwon gidanmu ya tsallake ni, jininmu ya dace, komai ya dace. Za a yi aikin ranar Talata ta sama. Likita bai ɓoye min ba, ya ce ciwon na iya komawa kan sabuwar ƙodar wata rana, tunda abin da zai hana shi yana cikin firizarku. Na ce ko shekara biyar ta samu a gaban allo, ta samu.

Ina jin tsoro, ban taɓa kwana a asibiti ba. Amma ka koma shafi na talatin da ɗaya ka gyara min kuskure ɗaya, tunda gyara ne aikina: ta huɗu, an samu abin amfani.

Jiya suka ba ni takardar da zan sa wa hannu. Na bi ta da jan biro har ƙasa. Shafi biyu ce, kuma sunan Auta na ciki.

Yayarka.